Yashi Cikin Buhun Taki: Darasin Ajin Kimiyya Da Ya Fisshe Ni Kunya

Jawabin da ɗaya daga cikin 'yan ƙungiya ya gabatar a zauren makaranta, ranar taron shekara-shekara na tsofaffin ɗalibai.



Mai girma shugaban taro, shugaban wannan makaranta tamu mai albarka, iyayenmu malamai na da da na yanzu, shugaban ƙungiyar tsofaffin ɗalibai da 'yan majalisarsa, yayyenmu da suka riga mu fita, 'yan ajinmu, da kuma ƙannenmu da ke zaune can baya suna jiran a tashi a raba shinkafa, ina yi muku barka da zuwa.

Da farko ina godiya ga Allah Maɗaukakin Sarki da Ya nuna mana wannan rana cikin ƙoshin lafiya. Sa'ad da sakataren ƙungiya ya kira ni ya ce an sa sunana cikin masu jawabi, kuma a kan kimiyya, sai na tambaye shi ko ya yi kuskuren lamba ne. Duk wanda ya zauna aji ɗaya da ni ya san ban taɓa zuwa na ɗaya a kimiyyar sinadarai ba, kuma ga malaminmu nan zaune, ba zan yi ƙarya a gabansa ba. To, amma wani abu ya same ni a wurin aiki wanda na ba 'yan ajinmu labari, su kuma suka ce lalle sai na maimaita shi a gaban jama'a. Kafin in kai ga labarin, sai na roƙe ku mu ɗan koma aji tukuna, domin ba za a gane shi sosai ba sai an tuna darasin da ya haife shi.

Ranar garin ƙarfe da farar wuta

'Yan ajinmu za su tuna ranar da Malam ya shigo ɗakin gwaje-gwaje da ƙunshi biyu, ɗaya garin ƙarfe ne baƙi-baƙi, ɗayan kuma farar wuta mai launin rawaya. Ya zuba su a kan takarda ya cakuɗa, ya tambaye mu ko an sami sabon abu. Rabin aji suka ce an samu. Sai ya fito da maganaɗisu daga aljihu ya wuce da shi ta sama, garin ƙarfen ya taso ya manne, farar wuta ta zauna inda take. Daga nan ya auna giram 7 na ƙarfe da giram 4 na farar wuta, ya zuba a kwalbar gwaji, ya ɗora a wuta. Abin ya yi ja, ya ci gaba da ci ko bayan an janye shi daga wutar. Da ya huce aka fasa kwalbar, sai ga wani baƙin dunƙule. Aka kawo maganaɗisu, ya kasa tsamo ƙarfen daga ciki. Aka duba da kyau, babu ko ɗigon rawaya.

Abin da Malam ya faɗa a ranar shi ne, na kan takarda zaman kasuwa suka yi, kowa yana nan da sunansa da halinsa, in an tashi kowa ya kama gabansa. Na cikin kwalba kuwa sun zama abu guda mai sabon hali. A wannan gwaji ɗaya mun ga kashi ukun da masana suka kasa dukkan abin da ake iya taɓawa ko aunawa a duniya: sinadarin asali, da sinadarin haɗi, da gauraye.

Kashi na farko: sinadarin asali

Sinadarin asali, wanda muka saba kira elimen a aji, shi ne wanda aka yi da ƙwayar zarra iri ɗaya tak. Ko an ƙona shi, ko an narka, ko an sa masa wutar lantarki, ba za a fitar da wani abu mafi sauƙi daga cikinsa ba. Kakanninmu sun san da yawa daga cikinsu tun kafin zuwan boko, shi ya sa muke da sunayensu: zinariya, azurfa, ƙarfe, jan ƙarfe, dalma, zaiba, farar wuta. Waɗansu kuma sai a makaranta muka ji su, kamar oksijin, haidirojin, naitirojin, sodiyam, kulorin da alminiyam.

A shekarar 1789 wani Bafaranshe mai suna Labuwaziye ya fitar da jerin abubuwa 33 da yake ganin su ne na asali. Ya yi daidai a wajen da yawansu, ya kuma yi kuskure a waɗansu, domin har haske da zafi ya sa a ciki. A 1869 Mendeliyef, mutumin Rasha, ya jera guda 63 da aka sani a lokacin cikin jadawali bisa nauyinsu da halayensu, ya bar gurabe ga waɗanda ya ce za a gano nan gaba. Cikin shekaru shida aka gano ɗaya daga cikinsu, watau galiyam, a 1875, kuma halinsa ya zo kusan yadda ya faɗa. Wannan jadawali shi ne wanda yake rataye a bangon ɗakin gwaje-gwajenmu. Yau yana ɗauke da guda 118, kuma a 2016 aka raɗa wa huɗun ƙarshe suna. Wajen 90 daga ciki ake samu a ƙasa da ruwa da iska, sauran kuwa masana ne suka ƙera su.

Abin lura shi ne, da wuya mutum ya ci karo da sinadarin asali zalla a gida. Wayar wutar lantarki mai kyau kusan jan ƙarfe ce zalla. Gawayi yawancinsa kabon ne, amma da toka a ciki. Kuma sinadari ɗaya yana iya zuwa da kama biyu: lu'ulu'un daiman kabon ne, baƙin abin da ke cikin fensir shi ma kabon ne da aka cuɗa da yumɓu. Bambancinsu yana wajen yadda ƙwayoyin suka jeru.

Kashi na biyu: sinadarin haɗi

Idan sinadaran asali biyu ko fiye suka ƙullu da juna, bisa ƙayyadadden awo, har suka haifar da abu mai sabon hali, to an sami sinadarin haɗi. Alamominsa uku ne. Na ɗaya, awonsa ba ya canzawa. Na biyu, halinsa dabam yake da na iyayensa. Na uku, ba a raba shi da rariya ko maganaɗisu ko tsinta da hannu, sai da zafi mai yawa, ko lantarki, ko wani sinadarin.

Ku ɗauki ruwa. Kowane giram 9 na tsantsar ruwa, giram 1 haidirojin ne, giram 8 oksijin. Haka yake ko daga Kogin Kwara aka tace shi, ko daga Tafkin Chadi, ko daga ƙanƙarar ƙasar Rasha. Wani Bafaranshe mai suna Furust ne ya tabbatar da wannan ƙa'ida ta rashin canjin awo a ƙarshen ƙarni na 18, sannan Baturen Ingila Jon Dalton ya bayyana dalilinta a 1808 da bayaninsa na ƙwayar zarra. A 1800 kuwa aka raba ruwa gida biyu da wutar lantarki a Ingila. Haidirojin iska ce mai kamawa da wuta, oksijin kuma ita ke sa wuta ta ci, amma ga 'yarsu nan, da ita muke kashe gobara. Albasa ba ta yi halin ruwa ba, in ji Hausawa, to a nan ruwan ne da kansa bai yi halin iyayensa ba.

Gishiri ma haka ne. Kusan kashi 39 cikin 100 na nauyinsa sodiyam ne, wani ƙarfe mai laushi da ake yankawa da wuƙa, wanda in ya taɓa ruwa sai ya yi ta tartsatsi har ya kama wuta. Kashi 61 kuma kulorin ne, iska mai guba wadda aka yi amfani da ita wajen kashe sojoji a Beljiyam a 1915, lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya. Da suka ƙullu sai ga abin da miya ba ta daɗi sai da shi. Sukari kuwa kabon ne da haidirojin da oksijin. Wanda ya taɓa mantawa da alewa a kan wuta ya ga shaida, domin baƙin da ya saura a gindin tukunya kabon ɗin ne ya fito fili.

Awon nan ba abin wasa ba ne. Kabon ɗaya da oksijin biyu shi ne kabon-dayoksaid, iskar da muke fitarwa in mun yi numfashi, ita ce kuma ke tasowa in an buɗe kwalbar lemo. Kabon ɗaya da oksijin ɗaya kuwa shi ne kabon-monoksaid, wanda ke cikin hayaƙin janareto da na gawayi in iska ba ta wadata ba. Ba shi da launi, ba shi da wari. Yana kama jini ya hana shi ɗaukar oksijin. Iyalan da muke jin sun kwanta da janareto a cikin ɗaki ko a zaure an wayi gari babu su, wannan ƙwaya ɗaya da ta ragu ita ce sanadi.

Kashi na uku: gauraye

Gauraye shi ne abubuwa biyu ko fiye da suka zauna wuri ɗaya ba tare da sun ƙullu ba. Kowa yana riƙe da halinsa, awonsu yana iya ƙaruwa ko raguwa, kuma ana iya raba su da dabarun hannu. Mafi yawan abin da muke ci, muke sha, muke saye, a wannan kashi yake. Shi kuma iri biyu ne.

Akwai gauraye mai sajewa. Wannan duk inda ka ɗiba iri ɗaya ne, ido ba ya ganin iyaka tsakanin abubuwan da ke ciki. Shayin da aka tace aka sa wa sukari aka juya sosai, kurɓar farko da ta ƙarshe zaƙinsu ɗaya. Amma mai shayi yana iya sa cokali biyu ko huɗu, duk dai shayi ne, wannan shi ya nuna gauraye ne. Iskar da muke shaƙa ita ma haka take: kashi 78 cikin 100 naitirojin, kashi 21 oksijin, ragowar kuma agon da kabon-dayoksaid da waɗansu, ban da tururin ruwa da ke ƙaruwa da damina ya ragu da rani. Fetur da kananzir da gas na girki duk gauraye ne masu sajewa. Har ƙarafa akwai irinsu. Tagullar da ake yin lambar yabo da ita jan ƙarfe ne da ƙarfen kuza aka narka tare. 'Yan'uwanmu mata kuma su lura, zinariya zalla ita ce mai karat 24, kuma ta cika laushi. Mai karat 21 kashi 87.5 cikin 100 ne zinariya, mai karat 18 kuwa kashi 75, sauran azurfa ce ko jan ƙarfe ko makamancinsu.

Sai gauraye marar sajewa. Shi wannan ido yana ganin ɓangarorinsa, kuma abin da ka ɗiba a nan ba lalle ya yi daidai da na can ba. Fura da nono, kwaɗon zogale, shinkafa da wake, kankare, ruwan kududdufi, ƙurar hunturu a cikin iska, duk misalansa ne. Wanda ya taɓa shan ƙarshen kwanon fura ya san gari yana kwantawa a ƙasa.

Iyayenmu mata kuwa ƙwararru ne wajen raba gauraye, ko da ba su taɓa shiga ɗakin gwaje-gwaje ba. Shiƙa tana raba ƙaiƙayi da tsaba domin ɗaya ya fi ɗaya nauyi. Tankaɗe yana raba gari da tsaki saboda bambancin girma. Rairaya tana fid da tsakuwa daga shinkafa. Tace gasara, kaɗa nono a fid da man shanu, matse tunkuza a fid da man gyaɗa, duk aikin ke nan. Mutanen Bilma da Fachi a Jamhuriyar Nijar suna tara ruwan gishiri a ramuka rana ta ƙafar da shi, gishirin ya saura. Matatar mai ta Kaduna da aka buɗe a 1980 ita ma a kan wannan hikima aka gina ta: ɗanyen mai gauraye ne, kowane ɓangarensa da zafin da yake tafasa, sai a dafa shi a kama kowanne a matakinsa.

Tambayoyi uku da 'yan wuraren tuntuɓe

Idan aka miƙo muku abu aka ce ku faɗi kashinsa, tambayoyi uku sun isa. Shin ana iya raba shi da tacewa, ko ƙafewa, ko tsinta, ko maganaɗisu? In ana iyawa, gauraye ne. To, ko'ina iri ɗaya ne? In haka ne mai sajewa ne, in ba haka ba marar sajewa. In kuwa ba ya rabuwa ta waɗannan hanyoyi, sai a tambaya: zafi ko lantarki suna fasa shi zuwa abubuwa mafi sauƙi? In suna fasawa sinadarin haɗi ne, in ba sa fasawa na asali ne.

Amma akwai abubuwan da ke ruɗin ido. Madara tana kama da mai sajewa, alhali ƙananan ɗigogin mai ne ke yawo cikin ruwa, in an ajiye ta sai su taso sama. Kanwa muna ɗaukarta abu guda, amma gauraye ce ta gishirin soda iri-iri da gishirin miya da ƙasa, shi ya sa ungurnu dabam, jar kanwa dabam, kuma wata ta fi wata ƙarfi. Kantun gishirin Bilma da ake ba dabbobi akwai ƙasa a cikinsa, beza ta fi shi tsabta. Gishirin leda da muke saye shi ma ba zalla ba ne, da gangan aka ƙara masa ɗan aidin, domin tun 1993 Nijeriya ta wajabta haka don maganin maƙoƙo da kare ƙwaƙwalwar yara. Wannan ya nuna ba kowane gauraye ne algus ba. Ruwan gishiri da sukari da ake ba yaro mai gudawa gauraye ne da ya ceci rayuka masu ɗimbin yawa, in dai an kiyaye awo: lita 1 ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri.

Ruwan leda kuma, wanda muke kira fiya wata, a wurin masana ba tsantsar ruwa ba ne, akwai gishiri-gishirin ƙasa da iska narke a ciki, kuma hakan ba aibi ba ne. A makarantar Islamiyya an koya mana duba launin ruwa da ɗanɗanonsa da warinsa kafin a yi tsarki da shi. Wannan hukuncin ibada ne, yana nan daram. Amma game da sha, ruwa yana iya zama garau, ba wari ba ɗanɗano, alhali yana ɗauke da ƙwayar cutar kwalara ko narkakkiyar dalma. Haɗarin gauraye mai sajewa ke nan, ba ya nuna abin da ya haɗiye.

Abin da ya faru a sito

Yanzu sai labarin da na yi alkawari. Damina biyu da suka wuce, a ma'aikatar da nake aiki, an sa ni cikin kwamitin mutum uku da zai karɓi takin zamani da wani ɗan kwangila ya kawo don sayar wa manoma da rangwame. Aikinmu mu ƙirga buhuna, mu auna kaɗan daga ciki, mu sa hannu. Mun ƙirga sun cika. Mun auna, kowane buhu kilo 50. Ga azahar ta yi, ga rana, ga ɗan kwangila yana ta duba agogo. Wallahi har na cire murfin biro.

Sai na ga wani buhun yuriya da ya yage a gefe, abin da ya zubo a ƙasa farinsa da ɗan duhu. Ban san abin da ya kawo mini fuskar Malam a wannan lokaci ba. Na tuna yuriya sinadarin haɗi ce, awonta ba ya canzawa: kashi 46 cikin 100 na nauyinta naitirojin ne, shi ya sa ake rubuta 46 a jikin buhu. Na kuma tuna tana narkewa ƙwarai, lita ɗaya ta ruwa tana iya shanye kusan kilo guda, kuma in tana narkewa ruwan yakan yi sanyi. Sai na roƙi mai gadi ya ara mini kofin gilashi da cokali. Na zuba cokali biyu na juya. Ruwan ya yi sanyi, alamar akwai yuriya. Amma da ya natsa, sai ga farin yashi kwance a gindin kofi. Muka buɗe waɗansu buhunan daga tsakiyar tari muka gwada. Waɗansu suka narke tas, waɗansu suka bar yashi.

Ku yi lissafin tare da ni. Buhu mai kilo 50 na yuriya ta gaskiya yana ɗauke da kilo 23 na naitirojin. In aka cire kilo 10 aka cika da yashi, saura kilo 18.4. Sikeli ba zai nuna ba, domin shi nauyi kawai ya sani. Manomi zai biya kuɗin buhu cikakke, ya zuba wa masararsa, ganye ya ƙi yin kore yadda ya kamata, ya ce ƙasa ce ta gaji ko ruwa ne bai yi ba. Mahaifina manomi ne, da kuɗin masara aka biya mini kuɗin wannan makaranta. Na mayar da murfin biro.

Ba zan ce abin ya zo da sauƙi ba. An ce na cika tsaurin ido, an ce kofin mai gadi ba ɗakin gwaji ba ne. Wannan magana ta biyu gaskiya ce, shi ya sa muka rubuta rahoto muka nemi a kai samfur inda ake da kayan aiki. Sakamako ya dawo ya tabbatar da abin da kofi ya nuna, aka mayar da kayan. Abokan aikina biyu sun tsaya tare da ni, Allah Ya saka musu da alheri.

Sai dai in yi gargaɗi, kada wani ya koma gida ya gwada takin NPK a kofi ya ce an cuce shi. Shi NPK da ake haɗawa a masana'antunmu gauraye ne tun asali, za ku ga ƙwayoyinsa launi-launi, kuma ana sa masa garin farar ƙasa bisa ƙa'ida, wanda ba ya narkewa. Haka nan in gishiri aka zuba cikin yuriya, ruwa ba zai tona ba, domin shi ma narkewa yake yi. A nan sai a ɗora kaɗan a cokali bisa wuta: yuriya tana narkewa a zafin digiri 133 tana fid da wari mai hawa kai, gishiri kuwa sai ya kai digiri 801. Kowane tsantsar sinadari yana da zafin narkewarsa, kamar yadda kowane mutum yake da zanen yatsansa.

Inda rashin sani ya ci rai

Ni abin da na kusa yi asarar dukiyar talakawa ce. Akwai inda abin ya kai ga rai. A 2010, a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara, yara wajen 400 suka rasu. Dutsen da ake haƙowa don neman zinariya gauraye ne, kuma na wannan yanki yana ɗauke da dalma mai yawa. Aka riƙa kawo shi cikin gida ana dakawa ana niƙawa, ƙurar ta bi ƙasa da abinci da hannun yara. Iyayen suna ganin zinariya suke nema, ba su san abin da ke tare da ita ba. A 2015 irin haka ta sake faruwa a ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja.

Dalmar nan tana kusa da mu fiye da yadda muke zato. Tozalin dutse mai ƙyalli da ake sa wa jarirai, sau da yawa haɗin dalma ne da farar wuta. A 2011 likitoci a birnin Bostan na Amurka sun sami dalma a jinin wani jariri ɗan asalin Nijeriya, da aka auna tozalin da ake sa masa sai aka tarar fiye da kashi 80 cikin 100 dalma ce. Yaro yana murza ido ya kai hannu baki, kuma dalma tana taɓa ƙwaƙwalwa ta yadda ba ta komawa daidai.

Daga ƙarshen 2008 zuwa farkon 2009 yara 84 suka rasu a ƙasar nan bayan an ba su wani maganin fitar haƙori. A wajen haɗa shi an sami wani ruwa mai guba da ake kira dayetilin gilaikol, wanda ke lalata ƙoda, ya shiga a madadin wanda ya dace. Dukansu biyu garau suke, masu kauri, masu ɗan zaƙi. A 2022 irin wannan guba ta kashe yara wajen 70 a Gambiya ta hanyar maganin tari. Kama da wane ba ta wane. Haka kuma kananzir da aka zuba wa fetur ido ba ya rarrabewa, amma kananzir sai ya ɗumama zuwa wajen digiri 38 kafin tururinsa ya kama wuta, fetur kuwa ko cikin tsananin sanyi tururinsa a shirye yake. Uwargida ta ƙyasta ashana a kan risho, sai gobara.

Kammalawa

Jama'a, ban zo in ce kowannenmu ya zama masanin sinadarai ba. Akwai hukumomin da aka kafa don wannan aiki, kamar NAFDAC da aka kafa a 1993, kuma wajibi ne mu duba lambarsu a jikin magani da abinci, mu kai ƙara in mun ga abin zargi. Abin da nake roƙo shi ne mu riƙe tambayar nan a zuciya duk inda muke, a ofis ko a kasuwa ko a gida: wannan abu, mene ne a cikinsa, kuma nawa ne? A cikinmu akwai masu sa hannu a takardar karɓar magani, da na siminti, da na abincin ɗalibai. Sa hannu shaida ce, kuma za a tambaye mu.

Roƙona na biyu ga ƙungiya ne. Da safen nan na leƙa ɗakin gwaje-gwajenmu. Jadawalin yana nan a bango, ya koɗe. Kwalaben gwaji sun ragu ƙwarai, sikelin kuma ya daina aiki. Ƙannenmu suna haddace waɗannan kashi uku don cin jarrabawa, amma da yawansu ba su taɓa ganin maganaɗisu ya ɗauke garin ƙarfe daga farar wuta ba. Ni kuwa bayanin da na haddace ya gudu tun da daɗewa, abin da idona ya gani shi ya zo mini a sito. Gani ya kori ji. Saboda haka ina ba da shawara, cikin gudummawar bana a ware wani abu don sayen sikeli, da kwalaben gwaji, da takardar tacewa, da maganaɗisu, da tukunyar gas, a damƙa su hannun malaman kimiyya, a kuma naɗa mutum biyu daga cikinmu su riƙa zuwa kowane zango suna ganin abin da ya ƙare. Ni na ɗauki nauyin sikelin, kuma ma'aji yana iya rubuta sunana tun yanzu.

A ƙarshe, Malam, ga ɗalibinka na layin baya ya zo ya ce na gode. Ka yi ta fama da mu kana ganin kamar ba ma ji, ashe wani abu ya zauna. Allah Ya saka maka da sauran malamanmu da mafificin alheri, Ya ƙara muku lafiya da nisan kwana. Waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, malamai da ɗalibai, Allah Ya jiƙansu Ya gafarta musu. Allah Ya ɗaukaka wannan makaranta, Ya mai da kowa gidansa lafiya. In na yi kuskure a wani wuri, ga masu gyara nan zaune a layin gaba, kuma na san ba za su ji nauyina ba.